Zare: Yadda mota ta shiga duwatsun Azbin, da abin da ta kasa ƙwacewa a hannun madugu

1/ Zaren yau a kan Azbin ne, ƙasar duwatsun nan ta arewacin Nijar, da yadda mota ta shiga cikinta. Kwana biyu bidiyon Hilux da Land Cruiser a kan tudun yashi na ta yawo, samari na cewa "wata rana sai na je." To kafin ka je, zauna ka ji wa ya share hanyar, da kuma rayukan da ta ci. 🧵

2/ Da yawanmu idan an ce sahara yashi kawai muke hangowa. Azbin kuwa duwatsu ne baƙaƙe, jere daga arewacin Agadas har kusa da iyakar Aljeriya. Ƙololuwarsu tana kan dutsen Bagzan, mita 2,022. Zariya da muke ciki mita ɗari shida da 'yan kai ce a kan teku. Dutsen Kufena da muke taƙama da shi, a can ɗan autan duwatsu ne.

3/ Tsakanin duwatsun akwai busassun kwaruruka da mutanen can ke ce wa kori. A cikinsu rijiyoyi suke, da lambuna. Timiya na noman lemo da rumman, Tabelot na fitar da albasa da dankali. Da hunturu sanyin dare na kaiwa ruwa ya daskare a kan tudu. Daga gabas kuma Tenere ta fara, shimfiɗar yashi da ba ciyawa ba inuwa.

4/ Me ya haɗa mu da can? Abu da yawa. Tarihin baka na Gobirawa ya ce a Azbin suka fara zama kafin su gangaro kudu. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan Azbinawa Gobir a zamanin Sarki Yakubu, ƙarni na 15, ya ce daga nan gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Har gobe Hausa ce harshen ciniki a kasuwar Agadas.

5/ Gishirin nan ba a Azbin ake haƙo shi ba. A Bilma da Fachi yake, can tsallaken Tenere, tafiyar kusan kilomita 600 daga Agadas. Duk kaka Azbinawa, waɗanda mu nan muka fi kira Buzaye, sai su haɗa ayarin dubban raƙuma su tsallaka. Su kai gero, su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro Damagaram da Katsina da Kano.

6/ Daga Kano fatake ke ɗora wa jakuna su yi kudu, su shigo ta ƙofofin ganuwar Zazzau, wasu su wuce Nupe. Ƙasar Hausa kuma ta tura musu hatsi da fata da baƙin rinin Kura da suke naɗa rawani da shi. Akwai ɓangare mai ɗaci: bayi ma sun bi hanyar nan zuwa arewa, kuma ba a banza tatsuniyar Bayajidda ta ba Zazzau laƙabin Sarkin Bayi ba.

7/ Wanda ke jan ayari shi ne madugu, kuma ko a bakin Azbinawa wannan kalmar tamu ake ji. Aikinsa ya san rijiya kaza kwana nawa ce daga rijiya kaza, ya riƙe alƙibla da taurari da inuwa da yadda iska ta kwantar da yashi. Ciyawar raƙuma a bayansu ake ɗaure ta, a ajiye wata a hanya saboda dawowa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

8/ Baturen farko da ya bar mana cikakken bayanin Azbin shi ne Heinrich Barth, Bajamushe, mai kiran kansa Abdulkarim. Ya shiga Agadas a Oktoba 1850, ya ga masallacin ƙasa mai hasumiya mita 27 da aka gina a farkon ƙarni na 16. Ayarin gishiri na Kel Ewe ya biyo ya yo kudu, ya iso Kano a Fabrairu 1851. Wato shi ma a bayan madugu ya tafi.

9/ Sai zamani ya juya. A 1911 jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya kai Kano, kayan Turai suka koma shigowa ta teku, cinikin Tarabulus ya durƙushe. A Disamba 1916 Kawusan, tare da Sarkin Agadas Tagama, suka yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas. A Maris 1917 Faransawa suka karya ƙawanyar, suka kashe malamai da jama'a, suka kwashe raƙuma, suka tashi ƙauyukan duwatsu.

10/ A kan wannan kufai mota ta iso sahara. Ranar 17 ga Disamba 1922 motocin Citroën biyar, masu taya a gaba da sarƙar roba a baya, suka tashi daga Tugurt a Aljeriya. Ranar 7 ga Janairu 1923 suka shiga Tumbuktu. Mako uku ke nan. Ba ta Azbin suka bi ba, ta duwatsun Hoggar suka bi, amma sun nuna wa Faransa cewa inji zai iya.

11/ Abin sha'awa, a daidai lokacin wani ɗan Sikotlan, Angus Buchanan, na kan hanya a kan raƙumi. Ya tashi daga Kano a 1922, ya ratsa Azbin, har ya bi ayari zuwa Bilma, bai kai Tugurt ba sai bayan fiye da shekara guda. Raƙumin da ya ɗauke shi sunan Hausa gare shi, Farin Gashi, kuma shi ya sadaukar wa littafin da ya rubuta.

12/ A 1924 Citroën ya sake turo motoci takwas don su keta Afirka. Sun bi ta Yamai da Damagaram suka nufi tafkin Chadi. Fim ɗin da suka ɗauka ya nuna jarumtar inji. Abin da bai cika nunawa ba shi ne watanni kafin su taso an riga an tura mutane sun jibge mai da abinci da kayan gyara zango-zango. Dabarar madugu ce ta ajiye ciyawa, aka canza mata kaya.

13/ Tenere ita kanta ta daɗe tana gagarar manyan motoci. A ƙarshen 1959 kamfanin Berliet ya turo gingimari tara masu jan taya shida, daga Aljeriya ta Djanet, suka keta ta har Fort-Lamy, N'Djamena ta yau. Sun tafi da masana, sun kafa turakun ƙarfe a hanya don na baya su gani. Burinsu a buɗe hanyar kaya daga Bahar Rum zuwa Chadi.

14/ Ga labarin da ya fi ba ni haushi. A tsakiyar Tenere akwai wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tal, dangin su bagaruwa, ba wata a kusa da ita sai an yi tafiyar fiye da kilomita ɗari. Da aka haƙa rijiya gefenta an tarar saiwarta ta nutsa sama da mita 30. Ayari ke yada zango a wurin, ba mai saran reshenta, ba mai barin raƙumi ya ci ganyenta.

15/ A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Fili iya ganinka, ba gini ba shinge, amma sai da ya samu bishiyar nan ɗaya. Gawarta na gidan tarihi na Yamai yanzu, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Raƙuma sun yi zamani bayan zamani suna wucewa ba su taɓa ta ba, mota kuwa ko shekara hamsin ba ta cika a yankin ba ta gama da ita.

16/ Daga nan abubuwa biyu suka cika Azbin da motoci. Na farko yuraniyom: an fara haƙa a Arlit a 1971, daga baya aka shimfiɗa kwalta daga Tawa ta Agadas zuwa can. Na biyu tseren Paris zuwa Dakar da Thierry Sabine ya ƙirƙiro. Tun zagayen farko, wanda ya tashi a Disamba 1978, Agadas na cikin zangunansa.

17/ A tseren 1983 guguwar yashi ta tashi a Tenere, 'yan tsere kusan 40 suka ɓace. Kwana huɗu ana nemansu da jirgi mai saukar ungulu kafin a tattaro su duka. Mutanen nan fa da kamfas, da taswira, da motocin da suka fi na kowa tsada. Suna da mai nemansu ta sama, shi ya sa suka tsira. Ku riƙe wannan ma.

18/ 'Yan ƙasa ba su tsaya kallo ba. Mano Dayak, ɗan Azbin da ya yi karatu a waje, ya buɗe kamfanin yawon buɗe ido a Agadas, ya yi aiki da masu tseren. 'Ya'yan madugai suka koma bayan sitiyarin kat-kat, kamar yadda 'yan Nijar ke ce wa jif mai jan taya huɗu. Su ke kai Turawa Timiya da Iferwan da zanen raƙuman dawa na Dabous mai dubban shekaru.

19/ Tuƙin can daban yake da na Zariya zuwa Kaduna. Cikin duwatsu tsakuwa mai kaifi ke yaga taya, ruwan sama ɗaya a kan tudu ya cika kori ya tafi da mota. A yashi sai an rage iskar taya ta baje, in ta kafe a tona a shimfiɗa faranti. Mai ya fi ƙonewa, lagireto na tafasa. Shi ya sa ƙa'idarsu: mota ɗaya ba ta shiga Tenere ita kaɗai.

20/ A 1991 UNESCO ta sa Azbin da Tenere cikin kayan gadon duniya, fili hekta miliyan 7.7. Shekara guda bayan nan ta sa su a jerin masu haɗari, don tawayen Azbinawa ya ɓarke. Mano Dayak da kansa ya zama jagoran 'yan tawaye, ya rasu a haɗarin jirgi a Disamba 1995. Filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi.

21/ Tawaye na biyu, 2007 zuwa 2009, ya zo da nakiyoyin da aka binne a hanya. An soke tseren Dakar a 2008, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. A 2010 aka sace ma'aikatan Faransa a Arlit. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Aka bar direbobi da motoci da sanin hanya, ba fasinja. To wa zai hau?

22/ Mu ne muka hau. Masu nufin Libiya da Aljeriya neman kuɗi, daga 2014 kuma masu zuwa haƙar zinare a Djado da Tchibarakaten. A bayan Hilux a loda mutum sama da ashirin, kowa ya saki ƙafa waje, ya rungumi sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo, da jarkar ruwansa. Hanyar da Bature ya biya kuɗi ya ɗau hoto, ita talaka ke bi da ransa a hannu.

23/ Oktoba 2013. Motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Tamanrasset, suka lalace kafin iyaka. An tsinci gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Akasarinsu daga Kantche suke a jihar Damagaram, nan kusa da Daura. Hausawa ne 'yan uwanmu. Nijar ta yi makokin kwana uku. Ba jirgin da ya tashi nemansu a kan lokaci. Allah Ya jiƙansu.

24/ A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, Turai na mara mata baya. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Waɗanda suka ci gaba sai suka riƙa kauce wa rijiyoyin da soja ke tsaro, suna bin hanyoyin da ba ruwa, in sun hango sintiri su zube fasinja su gudu. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamba 2023, hanyar ta sake buɗewa.

25/ Yanzu mu dawo kan madugu. Raƙumi a hankali yake tafiya, amma da sanyi yana kwanaki bai sha ruwa ba, kuma in ɗaya ya faɗi sai a raba kayansa ga saura a wuce. Mota na cinye tafiyar mako a wuni guda, sai ta sa ka ɗauki ruwan wuni guda. Ranar da inji ya tsaya, nisan da ke tsakaninka da rijiya na nan yadda yake a zamanin Barth, kai kuma a ƙasa kake.

26/ GPS zai nuna maka inda kake, wayar Thuraya za ta kira wani. Ba ɗayansu da zai gaya maka rijiyar gaba ta ƙafe bana, ko yashi ya binne ta, ko wa ke zaune a bakinta da bindiga. Wannan sani a kan mutanen wurin yake. Duk tafiyar da ta yi nasara a zaren nan, daga Barth zuwa masu yawon buɗe ido, da shi ta yi, ko da kuɗin da zai sayi ceto.

27/ Kuma ayarin gishiri bai mutu ba. Ya ragu ƙwarai, manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na cinikin, amma har yanzu da kaka akwai masu ɗaure wa raƙuma ciyawa su nufi Fachi da Bilma, madugu a gaba.

28/ Don haka ɗan uwa, in sha'awar ganin Azbin ce, wuri ne da ya cancanci gani, amma a bari tsaro ya daidaita, a tafi da izinin hukuma da ɗan ƙasa da mota fiye da ɗaya. In kuma wani ne ya ce ka kawo kuɗi kwana uku kacal ka ga Libiya, tambaye shi mota nawa za su tafi tare, jarka nawa ce rabonka, wa zai nemo ku in ta tsaya. 'Yan uwa na Agadas da Damagaram, ku ƙara mana da abin da kuka ji a bakin iyaye. Allah Ya tsare matafiya.