Alƙalami da Albashi: Matsayin Marubucin Ƙagaggen Labari Tun Daga 1933

Masu nazarin adabin Hausa sun fi mayar da hankali ga jigo da salo da warwarar labari, ba su cika tambayar abin da marubucin yake ci ba. Alhali kuwa hanyar abincin mawallafi tana da hannu ƙwarai wajen irin littafin da yake fitarwa, da yawan abin da yake iya rubutawa. Manufar wannan maƙala ita ce duba wannan fuska a tarihin ƙagaggun labarai na boko.

Shi dai ƙagaggen labari na boko a ofis aka haife shi. A shekarar 1933 ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta labarai, East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago. Babbar wahalar da ya tarar ita ce, a wurin malaman wancan zamani rubutu na ilmi ne da addini, ƙage kuwa tatsuniya ce, aikin mata da yara da dare. Duk da haka aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Abin lura a nan shi ne, babu ko ɗaya cikinsu da rubutu ne sana'arsa. Ma'aikata ne masu albashi, Imam da Ɓalewa ma koyarwa suke yi a makarantun Midil.

Aikin da ya fi bayyana yadda sana'ar take a lokacin shi ne Magana Jari Ce. A 1936 aka aro Imam daga makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 25, ya zauna a Zariya wajen wata shida yana rubutu. East ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Turawa da na Indiya, ciki har da Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwa Grimm. Waɗansu manazarta sun ɗauki wannan a matsayin naƙasu, wai aro ne ba ƙage ba. Wannan hukunci bai yi wa aikin adalci ba, domin gwanintar Imam tana cikin abin da ya yi da kayan aron. Ya tuɓe wa labari rigar ƙasarsu, ya sa masa sarki da waziri da dogarai da alƙali, ya cusa karin magana da ba'a da kirari a bakin mutanensa, har mai karatu ya rantse a fadar Katsina aka yi abin. Sa'an nan ya ɗaure labarai masu yawa da igiya guda, wato aku. A littafi na farko akun yana ba da labari don ya tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, saboda haka kowane labari yana da aikin da yake yi, ba zube yake kara zube ba. Amma a tuna, don makarantu aka nemi littattafan, shi ya sa labaran suka zo gajeru, daidai zaman darasi.

To, ina aka kwana bayan wannan? A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa, daga nan jarida da siyasa da aikin gwamnati suka cinye lokacinsa. Ya ci gaba da wallafa, kamar Tafiya Mabuɗin Ilmi da littattafan tarihin Musulunci, amma bai sake ƙaga wani abu mai girman Magana Jari Ce ba har ya rasu a 1981. Ɓalewa kuwa daga Shaihu Umar bai ƙara ba, ya zama Firayim Minista a 1957. Hukumar da ta gano masu basira ita ce kuma ta janye su zuwa ga abin da ta fi bukata.

Hukumar NORLA a shekarun 1950 da kamfanin NNPC da aka kafa a 1966 ba su sauya wannan tsari sosai ba. Marubuci yana jiran gasa ko jiran manhajar makaranta. Ta hanyar gasa ce So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito a 1980, haka nan Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1982.

Sauyi na sosai ya zo ne a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Matasa a Kano, mata da maza, suka shiga biyan kuɗin ɗab'i daga aljihunsu, suna kai littafi kasuwa da kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma In Da So Da Ƙauna a 1991. A nan ne mai saye ya maye gurbin jami'in ilmi, abin kuma ya nuna a jikin littattafan: aka riƙa raba labari kashi biyu ko uku, a yanke shi daidai inda hankali ya tashi, don cinikin na ɗaya ya biya kuɗin buga na biyu. Edita ya ɓace, kurakuran rubutu suka yawaita, malaman jami'a suka daɗe suna muhawara ko abin ya cancanci a kira shi adabi. Kafin muhawarar ta lafa, da yawa daga cikin marubutan sun riga sun koma harkar fim a shekarun 1990, inda aka fi samun kuɗi.