Riƙo da Amana: Tarihin Kula da Yara a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya ratsa ƙasar da ta shimfiɗu daga Funtuwa zuwa Malumfashi, ta Bakori, a lokacin kaka, ya ga dammunan dawa a jingine, auduga kuma ta yi fari fat a gonaki, ba zai yi mamaki ba in aka ce masa mutanen dā na wannan yanki sun ɗauki yunwar yaro abin kunya ga unguwa baki ɗaya. A wancan zamani babu ofishin kula da yara, amma kusan kowane yaro yana da wani mutum sananne wanda za a kira sunansa in an ga yaron cikin tsumma, kuma a kan wannan ƙa'ida aka gina sauran al'amarin.

Asalin ƙa'idar yana cikin fiƙihun Malikiyya, wanda malaman zaure suke karantarwa daga Risala da Muhtasar, inda aka jera masu haƙƙin reno, watau hadana, daki-daki: uwa tukuna, sa'an nan kaka ta wajen uwa, sa'an nan inna, alhali ciyarwa da tufatarwa suna wuyan uba ko da aure ya mutu. Dukiyar maraya kuwa amana ce a hannun wasiyyi, alƙali yana sa ido, har ranar da yaron ya yi hankalin riƙe abinsa.

Al'ada ta ɗora nata a kai, shi ne riƙo. Saboda kunyar ɗan fari, da zarar an kai yaro yaye gidan kaka, sau da yawa can zai zauna; goggon da Allah bai ba haihuwa ba kuwa akan ba ta 'ya, ta yi mata kitso, ta koya mata kaɗi da surfe, ta yi ta tara ƙore da tasoshi a ƙarƙashin gado shekara da shekaru, har ranar da za ta kai ta ɗakin miji. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau, aka buga shi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar. Gaskiya kuwa ita ce riƙo bai rasa zalunci ba, don ba a banza Hausawa suka san riƙon sakainar kashi ba, kuma agola da yawa sun ci tuwonsu da hawaye. Sai dai wanda aka zalunta yana da matakala: kawu ya zo bin ba'asi, in abin ya faskara a je ga mai unguwa, daga nan dagaci, har zuwa Sarkin Maska ko Galadiman Katsina da ke Malumfashi.

Almajirci ma a kan noma ya dogara. Uba yakan damƙa ɗansa hannu da hannu ga malamin da ya sani, a yi cirani da allo bayan an kai amfani gida, da damina kuma a taya malam noma, a ci daga rumbunsa da zakkar hatsi. Kolo yana da uwar ɗakin da ke aje masa tuwon dare, wadda in ya kwana biyu bai yi sallama ba za ta aika a dubo lafiya.

Da Turawa suka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasa kuma ya iso Funtuwa daga Zariya gab da 1930, sai kuɗi ya fara shiga tsakanin mutane a wuraren da dā hatsi da zumunci suke shiga. Gandu ya rinƙa rabewa, fari na 1973 ya turo jama'a garuruwa, aka wayi gari malami yana da ɗalibai masu yawa ba shi da gona, uwar ɗaki kuma tana fama da nata bakunan.

Hukuma ta shigo da doka a hankali. Dokar yara da matasa da aka yi wa Legas a 1943 ta iso Jihar Arewa a 1958. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta yi tata dokar a 2003, Jihar Katsina kuwa ta zartar da dokar kare yara a ƙarshen 2020. A wannan tsakanin an ga abin da ya girgiza zukata: a 2019 aka fito da yara da samari daga gidan mari a Daura da tabon sasari a ƙafafunsu, a 2020 aka yi ta mayar da almajirai jihohinsu cikin manyan motoci saboda annobar korona, a Disambar shekarar kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi.

Doka alheri ce, wajibi ne kuma a ba ma'aikatan jin daɗin jama'a abin aiki domin zartar da ita. Amma takarda ba ta san wane yaro ne ya kwana a rumfar kasuwar Funtuwa ba. Mai unguwa da limami da maƙwabciya su ne suka sani. Abin da tarihin nan yake nema gare mu shi ne mu mayar da tsohuwar tambayar bakin kowa, wadda kakanninmu ba su jin nauyin yi wa yaron da suka tsinta a hanya: ɗan wane ne kai, a hannun wa kake? Ranar da kowane yaro ya sami sunan da zai ambata, aka kuma bi sunan nan har ƙofar gida aka tambayi mai shi, a ranar ne karin maganar da ke cewa ɗa na kowa ne zai koma amanar da za mu iya amsawa a gaban Ubangiji.