Gurnanin Mota da Kanikancin Gadarif

Gurnanin da mota ke yi tana cikin tafiya, wanda ke ƙaruwa idan an ƙara gudu, galibi daga ɗayan wurare huɗu yake fitowa: boris ɗin ƙafa, taya, aksil na baya ko giyabos. A Gadarif da ke gabashin Sudan, yadda makanikai suka koyi rarrabe waɗannan ya biyo tarihin hanyoyin garin ne.

Noma ne ya kafa kanikanci a nan. A tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka soma noman dawa da tarakta a Gadambaliya, kusa da garin, kuma a 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman inji, gonaki suka yi ta faɗaɗa. Jirgin ƙasa ya riga ya iso tun 1928, amma dole a sami abin da zai kwaso dawa da riɗi daga gonaki zuwa kasuwa da tasha. Babbar motar Bedford TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, ita ta riƙe wannan aiki. Maƙeran Sudan suka ƙarfafa mata ƙashi da bodi, suka raɗa mata suna Sifinja. Hausawan garin, waɗanda da yawansu hanyar Makka ce ta kawo kakanninsu, sun fi yawa a gonaki, amma wasu sun shiga ta ƙofar yaran mota har suka zama masu gareji.

A wancan zamani direba bai cika kawo ƙarar gurnani ba, domin ba ya jin sa. Hanyar ƙasa ce, inji na ruri, bodi na kwaramniya. Hannu ake sa wa. In an tsaya shan shayi, yaron mota ya zagaya yana taɓa cibiyar kowace ƙafa, wadda ta fi 'yan uwanta zafi ita ce mai laifi. A gareji a ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a ji ko akwai wasa. Boris na lokacin mai buɗewa ne: a zare shi, a wanke da kananzir, a duba ko ya yi rami-rami, a cusa giris da tafin hannu, a ɗaure noti daidai. Gwanintar duk tana wajen ɗaurin nan, don in ya matse boris ya ƙone, in ya yi sako-sako ya ci kansa.

Ƙasar Gadarif kuwa ba ta tausayin boris. Baƙar laka ce mai danƙo da damina, ga kwazazzabai da ake ketawa, ruwa ya bi ta robar da ke tsare giris ya lalata shi. Da kaka kuma a lafta wa mota buhunan da suka fi ƙarfinta.

Kwalta ce ta sa kunne ya karɓi aikin. Da aka kammala titin da ya haɗa Khartum da Port Sudan ta Wad Madani da Gadarif da Kassala a wajajen 1980, aka sami hanya mai sulɓi da gudu mai ɗorewa, ƙananan motoci da Toyota Hilux suka yawaita. Daga nan maigidan gareji ya fara shiga gaban mota a yi gwaji a kan titi, kuma tsarin gwajin bai sauya ba har yau. Ana cire giya mota na gudu. Idan gurnanin ya ragu tare da ƙarar inji, to na inji ne ko giyabos. Idan ya ci gaba, a karkaɗa sitiyari a hankali: karkatawa hagu tana ɗora nauyi a dama, saboda haka ƙarar da ta ƙaru a nan tana nuna boris na dama, ko da yake gwajin kan ruɗi mutum wani lokaci. Na aksil kuwa totur yake bi, a taka ya yi kuka, a saki ya canza murya, kuma abin farko da ake dubawa shi ne man cikinsa. Taya ita ta fi yaudara. Ƙararta na sauyawa da sauyin titi, in an shafa ta a ji ta ci tudu da kwari, yawanci saboda shokozoba ta mutu. Mayar da tayoyin gaba baya kan warware gardamar, kuma makanike mai gaggawa ne kawai ke sayar wa mutum boris kafin ya yi hakan.

Sababbin motoci, ciki har da Hyundai da masana'antar Giad ta riƙa harhaɗawa bayan buɗe ta a 2000, sun zo da boris rufaffe. Ba a wanke shi, ba a ƙara masa giris, sai dai a fitar da shi da injin matsawa a sa sabo, kuma wanda aka buga da guduma ba ya daɗewa. Kwamfutar duba mota ba ta jin gurnani, sai in lalacewar ta kai ga na'urar birkin ABS, shi ya sa doguwar sukudireba da ake kafawa a ƙarfe a kara a kunne take nan daram. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 kayan gyara suka yi tsada, jabu ya yawaita, har wasu masu mota suka gwammace boris na asali da aka ciro daga wata mota a kan sabo na kwali.