Cinikin Biri a Sama: Yadda Masu Zanen Holan Suka Yi wa 'Yan Kasuwar Fure Zambo

A gidan adana kayan tarihi na Frans Hals da ke birnin Haarlem a ƙasar Holan, akwai wani zane da Jan Brueghel Ƙarami, mutumin Antwerp, ya yi wajejen shekarar 1640. Babu ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa. Birai ne zalla, sun sha tufafin attajiran zamanin, har wani da takobi a ƙugu. Wannan yana duba jerin sunayen furanni, wancan yana awo a ma'auni, wani yana ƙirga kuɗi, wasu kuma sun baje a kan liyafa. Idan mai kallo ya kai idonsa ɓangaren dama, sai labari ya sha bamban: an gurfanar da wani biri gaban alƙali, wani yana sharar hawaye, wani ya juya yana fitsari a kan furannin da jiya ake rububinsu. Can nesa kuma ana ɗauke da gawar wani zuwa kushewa.

Furen da ake magana a kai shi ne tulif, wanda ya shiga Turai daga Daular Usmaniyya ta Turkiyya a ƙarni na 16. Yana tsirowa ne daga wani ƙwai mai kama da albasa. Waɗanda suka fi daraja su ne masu ratsi-ratsin launi kamar harshen wuta, irin su Semper Augustus. Sai a ƙarni na 20 aka gano cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa ratsin, wato dai abin da attajirai ke takara a kansa ciwo ne.

Matsalar ita ce, ƙwan yana kwance a ƙasa tun daga kaka har bazara, ba a tono shi sai fure ya gama. Saboda haka a hunturun 1636 zuwa 1637, ciniki ya koma na takarda a gidajen shan giya: mutum ya sayi abin da bai gani ba, da kuɗin da bai biya ba tukuna, ya sayar wa wani kafin a tono. Mutanen Holan da kansu suka raɗa masa suna cinikin iska. Bahaushe kuwa da ya ji, cinikin biri a sama zai ce, kuma Brueghel bai san ya yi dace da wannan karin magana ba. A gwanjon da aka yi a Alkmaar ranar 5 ga Fabrairun 1637, an sayar da ƙwai guda a kan sama da gilda 5,000, a lokacin da ƙwararren mai sana'a ke samun kimanin gilda 300 a shekara. A cikin makon nan ne masu saye suka janye a Haarlem, farashi ya rushe.

Hendrik Pot, wanda ɗan Haarlem ne, ya fi Brueghel ɗaci, domin maƙwabtansa ya zana. A nasa zanen, Flora, gunkiyar furanni ta Romawa, tana zaune a kan keken da iska ke turawa da filafilai irin na jirgin ruwa. Tare da ita akwai maza sanye da hular wawaye wadda aka soka wa furanni, ɗaya yana kwankwaɗar giya, ɗaya yana riƙe da jakar kuɗi, ga wata mace tana auna tsaba, ga wata mai fuska biyu da tsuntsu ya kuɓuce mata. A baya masaƙan birnin ne suka yar da kayan saƙarsu suna bin keken da gudu, shi kuwa ya nufi teku.

Ɗalibin adabi zai lura da bambancin dabarun biyu. Brueghel habaici ya yi, ya ɓoye mutum a rigar dabba kamar yadda tatsuniya ke yi da kura. Pot kuwa ya kama sana'a da gari, har da hasumiyar cocin Haarlem a bango, don kada wani ya ce ba da shi ake ba. Amma a ganina abin da ya fi ci masa rai ba asarar kuɗi ba ce. Abin da ya dame shi shi ne masaƙi ya bar masaƙarsa yana neman zama attajiri dare ɗaya, a al'ummar da malaman cocinta ke wa'azin cewa dukiya ta gumi ce kawai mai albarka.

A nan ya kamata a yi hattara, domin waɗannan zane-zane wa'azi ne, ba rahoton kasuwa ba. Charles Mackay ya yaɗa labarin a littafinsa na 1841 a matsayin haukar da ta talauta ƙasa baki ɗaya, aka yi ta maimaitawa. Da masaniyar tarihi Anne Goldgar ta bi takardun kotuna da na yarjejeniyoyi, a littafinta na 2007 ta nuna cewa masu cinikin ba su da yawa, akasarinsu 'yan kasuwa ne da masu sana'a masu rufin asiri, kuma ba ta sami wanda tulif ya jefa cikin fatara ba. Tattalin arzikin Holan ya ci gaba da bunƙasa. Abin da ya karye shi ne amana: mutane sun yi alkawarin biya a gaban shaidu, suka ƙi cikawa, kotuna kuma suka yi ta jan ƙafa. A 1638 hukumar Haarlem ta yanke cewa mai saye zai iya warware yarjejeniya idan ya biya kashi uku da rabi cikin ɗari na kuɗin da ya amsa.