Takardar mallakar ƙirƙira ba shaida ba ce cewa na'ura tana aiki

Wannan takarda, wadda ake kira brevet da Faransanci, hukuma ce ke bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu, don kada wani ya ƙera shi ya sayar ba da izininsa ba. A Nijar ƙungiyar OAPI mai cibiya a Yawunde ce ke bayar da ita, kuma wa'adinta shekara 20 ne.

Amma fa galibi bayanin da aka rubuta ake dubawa, ba a kunna na'urar a gwada. Ta nan ƴan damfara ke shigowa.

A Amurka, Stanley Meyer ya samu irin waɗannan takardu kan na'urar da ya ce tana sa mota tafiya da ruwa maimakon mai. A 1996 kotu a jihar Ohayo ta ce zamba ce, ta umarce shi ya mayar wa mutum biyu dala 25,000 da suka zuba. Dalili kuwa, wutar da ake kashewa wajen fasa ruwa ta fi ƙarfin da ake samu.

Don haka jama'a, in an nuna muku takarda ana neman kuɗinku, ku ce a gwada a gabanku, tare da masani wanda ba ya da kaso a cinikin.