Amphiprion bicinctus

Amphiprion bicinctus wani nau'in ƙaramin kifi ne da ke rayuwa a cikin duwatsun murjani na Bahar Maliya da Mashigin Aden. Yana cikin dangin Pomacentridae, a rukunin kifayen da suke zama cikin anemon, wata dabbar teku mai kama da fure wadda hannayenta ke da harbi. Tsawonsa yakan kai santimita 14.

Rabe-rabe

Masanin halittu ɗan ƙasar Jamus, Eduard Rüppell, shi ne ya fara bayyana wannan kifi a kimiyyance a shekarar 1830, bayan tafiye-tafiyen da ya yi a yankin Bahar Maliya. Kalmar bicinctus daga Latin take, ma'anarta "mai ɗamara biyu". Sunan jinsin kuma, Amphiprion, daga Girkanci ya fito: amphi na nufin "ta ɓangarori biyu", prion kuma "zarto", saboda gefen murfin da kifin yake numfashi ta ƙarƙashinsa yana da haƙora kamar na zarto. Jinsin yana da nau'o'i kusan 30, dukkansu a Tekun Indiya da Tekun Fasifik. Babu ko ɗaya a Tekun Atlantika, don haka ba a samun su a gaɓar Afirka ta Yamma.

Siffa da makamanta

Launin jikinsa daga rawaya mai sirkin lemo ne zuwa ruwan ƙasa. Yana da fararen ɗamaru biyu masu baƙin gefe, ɗaya a bayan ido, ɗaya a tsakiyar jiki, wutsiyarsa kuma rawaya ce.

Ɗamara biyun nan da suka ba shi suna ba su isa a gane shi da su ba, domin wasu 'yan uwansa a yammacin Tekun Indiya suna da irinsu. Amphiprion allardi na gaɓar Kenya da Tanzaniya yana da wutsiya fara. Amphiprion latifasciatus na Madagaska da tsibiran Komoros ɗamararsa ta tsakiya ta fi faɗi, wutsiyarsa kuma a tsage take. Amphiprion omanensis, wanda sai a 1991 aka bayyana shi, ɗamarunsa siririya ne ƙwarai, kuma a gaɓar Oman yake. Tun da launi yana sauyawa da shekarun kifi, masu bincike sukan haɗa siffar jiki da wurin da aka ga kifin kafin su yanke hukunci, a yau kuma suna ƙarawa da gwajin ƙwayoyin halitta.

Mazauni

Ana samun sa tun daga Mashigin Aƙaba a arewa, ta gaɓar Masar, Sudan, Saudiyya, Eritiriya da Jibuti, har zuwa Yemen da tsibirin Sokotra. A Sudan yana cikin kifayen gandun teku na Sanganeb, kusa da Port Sudan, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin wuraren gadon duniya a 2016. Yana zama daga ruwa marar zurfi zuwa kimanin mita 30.

Dalilin da ya sa kowane nau'i yake da yankinsa yana cikin yadda suke rayuwa. Babban kifi ba ya nisa da anemon ɗinsa. Yauƙin da ke jikinsa ne yake kare shi daga harbin, shi kuma yana korar kifayen da ke cin hannayen anemon. Daga cikin waɗanda ya fi zama a ciki akwai Entacmaea quadricolor. Lokacin tafiya guda ɗaya a rayuwarsa shi ne bayan ƙyanƙyasa, sa'ad da ruwa ke ɗaukar 'ya'yan na kwanaki kaɗan, ƙasa da mako biyu, kafin su nemi anemon su zauna. Wannan ɗan lokaci bai isa su ƙetare teku mai faɗi ba.

Haihuwa

A kowane anemon mace ce mafi girma, sai namiji ɗaya mai haihuwa, sai ƙanana. Dukkansu da halittar namiji suke farawa. Idan macen ta mutu, namijin yakan rikiɗe ya zama mace, babba daga cikin ƙananan ya maye gurbinsa. Ana saka ƙwai a kan dutse kusa da gindin anemon, namiji ne ke gadinsu yana yi musu fifita har su ƙyanƙyashe cikin kimanin mako guda.