Daga Asabari Zuwa Bakin Majigi: Tarihin Sarrafa Haske a Ɗakin Ɗaukar Hoto

Gabatarwa

Kalmar hoto ba ta daɗe a bakin Bahaushe ba. Aro ce daga Ingilishi, su kuma Turawa sun ƙera tasu ne daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya tana nufin haske, ɗaya tana nufin zane. Ke nan tun daga sunan sana'ar an nuna cewa haske shi ne kayan aikin mai hoto na farko, kyamara tana biyo baya. Wannan maƙala ta bibiyi yadda masu hoto a Afirka ta Yamma suka tashi daga zaman jiran rana, har suka kai ga yanka haske suna zana shi a bango da kuma fuskar mutum, ta hanyar wata na'ura da ake ɗaura wa fitila a gaba. Da yake na'urar ba ta da tsayayyen suna a Hausa, za a kira ta bakin majigi, saboda dalilin da zai zo nan gaba. An ɗauki yankin Garou da Malanville a matsayin wurin tsayawa a hango wannan tarihi.

Hanyar da Kyamara ta Biyo

Garou gari ne a ƙaramar hukumar Malanville, cikin jihar Alibori, a ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin. Yana cikin kwarin Kogin Kwara, inda iyakokin Benin da Nijar da Nijeriya suke kusa da juna. Ƙasar Dendawa ce, ga Fulani da Zabarmawa, ga kuma Hausawa da fatauci ya kawo, har Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan ciniki a kasuwar Malanville, wadda take cikin manyan kasuwannin ƙasar. An laƙaba wa Malanville sunan Henri Malan, ɗaya daga cikin gwamnonin Faransa a Dahomey, tana kuma kallon garin Gaya na Nijar ta tsallaken gada.

Muhimmancin wurin ga tarihin hoto yana ga hanyar da ta ratsa shi. Layin dogo da ya taso daga Kwatano ya tsaya ne a Parakou, daga nan sai motoci su kwashi kaya da mutane zuwa Malanville, su tsallaka Nijar. Ta irin wannan hanya mutanen bakin teku suka riƙa haurawa arewa da sana'o'insu, har da ɗaukar hoto. A Porto-Novo, Joseph Moïse Agbodjélou, wanda aka haifa a 1912, ya koyi sana'ar yana aikin soja a rundunar Faransa, ya dawo ya buɗe shagonsa mai suna France Photo. Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano a 1940, a Yamai ya yi suna. Érika Nimis, masaniyar tarihin hoto, ta rubuta littafi guda a kan yadda Yarabawa masu hoto suka bazu a biranen Afirka ta Yamma. Wato a ƙasashen Hausa da maƙwabtansu, mai hoto na farko sau da yawa baƙo ne, ɗan gari ya koya daga hannunsa.

Zamanin Jiran Rana

Da aka bayyana fasahar hoto ga duniya a birnin Paris a 1839, babu fitilar da take da ƙarfin da ake buƙata. Shagunan Turai na farko a saman bene ake yin su, a yi musu rufin gilashi mai fuskantar arewa domin samun haske mai laushi wanda ba ya yawan sauyawa. Sai a 1877 Henry Van der Weyde ya buɗe shago mai amfani da lantarki a Landan. A Afirka ta Yamma kuwa, rana ta ci gaba da mulki har tsakiyar ƙarni na 20.

Babu misalin da ya fi na Seydou Keïta fitowa fili. Ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, kuma yawancin hotunan da suka ɗaukaka shi a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana. Irin wannan haske na inuwar tsakar gida shimfiɗaɗɗe ne, yana zuwa ta ko'ina, ba ya barin baƙar inuwa a ƙarƙashin ido ko haɓa. Yana fito da fata sumul, amma shi kansa ba shi da ado. Saboda haka Keïta ya nemo adon daga wani wuri: ya rataya ƙyalle mai zane a bayan mutum (na farkonsa ma zanen gadonsa ne), ya ajiye rediyo da agogo da babur domin wanda yake so ya fito da su. Mace ta zo da atamfa mai furanni, ta zauna a gaban labule mai ganyaye, zane ya hau kan zane, fuska kaɗai ta rage fili a tsakiya. Wannan shi ne sirrin hotunan, domin duk hayaniyar da ke kewaye tana tura ido ne zuwa ga fuskar. A Bobo-Dioulasso, Sanlé Sory ya sa an zana masa jirgin sama da titunan birni a labulen shagonsa na Volta Photo, daga baya Philip Kwame Apagya na Gana ya yi fice da labule mai hoton falo cike da talabijin da firji.

Abin lura ga ɗalibi a nan shi ne, a wannan zamani ado yana jikin ƙyalle ne, haske kuwa aikinsa kawai ya nuna.

Filasha ta sauya lissafin. An fito da garin maganiziyam mai walƙiya a Jamus a 1887, ƙwan filasha ya shiga kasuwa wajen 1930, Harold Edgerton kuma ya inganta filashar lantarki a Amurka daga 1931. Da ita Malick Sidibé ya shiga gidajen rawa na Bamako da dare, da ita Koudjina ya ɗauki matasan Yamai a shekarun 1960 da 1970. Mai hoto ya sami damar ɗaukar haskensa a jaka ya tafi da shi inda yake so. Sai dai filasha watsa haske take yi kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ba ta zaɓen inda zai sauka.

Majigi da Zuriyarsa

Fasahar zaɓar wa haske wurin sauka ba a shagon hoto aka haife ta ba. Tushenta yana ga wata fitila da ake danganta ƙirƙirarta ga Christiaan Huygens, mutumin Holan, wajen 1659: akwati mai fitila a ciki, a saka gilashi mai zane a gabanta, wani gilashin mai tattara haske ya jefa zanen a bango ya yi girma. Ingilishi ya kira ta magic lantern, wato fitilar sihiri, kuma daga nan Hausa ta samo kalmar majigi. A Arewacin Nijeriya sunan ya koma kan motocin da gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa aikawa gari-gari suna nuna finafinan tsabta da noma a fili, aikin da ya ƙarfafa bayan kafa sashen finafinan mulkin mallaka a 1939 a ƙarƙashin William Sellers. Brian Larkin ya yi bayanin wannan a littafinsa Signal and Noise na 2008, har ya kawo ɗaya sunan da aka ba wa sinima a farkon zuwanta, wato dodon bango. Sunan ya dace, domin abin da mutane suka gani ke nan: wani abu yana motsi a bango, alhali ba a jikin bangon yake ba.

A ɗaya ɓangaren, masu wasan kwaikwayo a dandamali suna neman fitilar da za ta haska ɗan wasa ɗaya ta bar saura cikin duhu. A 1933 Joseph Levy da Edward Kook na kamfanin Century Lighting a New York suka fito da fitilar Leko, wadda sunanta ya fito daga farkon sunayensu biyu. Tana da madubi a baya mai tattara haske wuri guda, da wata kafa a daidai wannan wuri, sannan gilashi a gaba. Duk abin da aka zura a kafar, siffarsa za ta fita a bango. Faifan ƙarfe mai huda da ake zurawa shi ake kira gobo. Holiwud ta rungumi wasa da inuwa, kamar yadda ake gani a fim ɗin Double Indemnity na 1944, inda ratsin labulen taga ya cika bango da jikin 'yan wasa. A Paris ma shagon Harcourt, wanda aka buɗe a 1934, ya gina sunansa a kan hasken sinima mai sassaƙa fuska.

Bakin majigi na yau ɗan wannan gida ne. Bututu ne da ake ɗaurawa a gaban filasha ko fitilar shago. A cikinsa akwai kafar saka gobo, da wuƙaƙe huɗu da ake turawa ciki domin yanka haske ya zama tsiri ko murabba'i ko kusurwa uku, da gilashin gaba mai matsawa. In aka matsa gilashin zuwa daidai saitinsa, gefen zanen zai fito da kaifi kamar an yanka da aska. In aka ɗan kauce, sai ya narke ya yi laushi. Gilasan da aka fi sani su ne masu buɗewar digiri 19 da 26 da 36, kuma ƙaramin ɗaki mai faɗin buɗewa yake buƙata. Gilashin yana juya hoto, don haka kai ƙasa ake saka gobo. Wanda ya yanka sunan amarya da ango ya saka shi a miƙe, a kife zai gan shi a bango. Na'urar tana cinye haske mai yawa, tana kuma yin zafi, shi ya sa ake yin gobo da ƙarfe ko gilashi. Ga kuma dokar nisa: in aka ninka tazarar fitila da bango sau biyu, zanen zai ninka faɗinsa, amma ƙarfin hasken zai koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Mutumin Garou bai jira New York ba kafin ya san wannan ado. Duk wanda ya zauna a ɗaki da hantsi an saki asabari a ƙofa ya ga ratsin haske a tabarma. Rumfar kara a kasuwa tana yayyafa wa mai tallan albasa ɗigon rana a fuska, zana da rariya ma haka. A ƙarƙashin bishiya kuwa, ɗigogin da ke ƙasa zagayayyu ne ko da kafofin ganyen ba zagayayyu ba ne, domin kowane ɗigo hoton rana ne ita kanta. Ibn al-Haisam, wanda ya rayu a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya yi rubutu a kan yadda siffar rana take fita ta ƙaramar kafa lokacin husufi. Waɗanda suka duba ƙasa a ranar 29 ga Maris 2006, sa'ilin da husufin rana ya ratsa Benin da arewa maso yammacin Nijeriya da Nijar, suna iya ganin ɗigogin sun koma kamar jinjirin wata. Bambancin asabari da bakin majigi shi ne gilashi: inuwar asabari tana dusashewa da nisa, tana kuma tafiya da rana, ta majigi kuwa tana tsayawa inda aka ajiye ta.

Fuska da Zane

A nan ne gardamar take. Shagon hoto a garin iyaka ba da hoton ado yake ci ba. Abincinsa na kullum shi ne ƙaramin hoton fasfo, na katin shaida da takardun makaranta da na tafiya aikin Hajji, kuma ƙa'idar wannan hoto ta hana inuwa a fuska ko a bango. Hannun da ya saba da kashe inuwa da safe, shi ake so ya ƙera ta da yamma.

Sana'ar kuma ta sha duka sau biyu. A shekarun 1980 injinan wankin hoto mai launi suka ƙwace ɗakin duhu daga hannun mai shago, kowa ya iya rataya kyamara ya bi bukukuwa. Bayan haka wayar hannu ta zo ta raba kyamara ga kowa. Abin da ya rage wa shago wanda waya ba ta da shi sai haske, kuma hotunan kafin aure da na zagayowar ranar haihuwa da fastocin finafinan Hausa sun buɗe masa kasuwa. Fitilun zamani masu ƙananan ƙwayoyi, 'yan'uwan na cikin tocila, sun sauƙaƙa lamarin, domin ba su cin wuta kamar na da, suna aiki da batir, suna kuma nuna wa mai hoto zanen da idonsa kafin ya danna. A wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai yawancin misalan da matasa suke koyi da su an yi su ne a kan farar fata, kuma wannan tsohuwar matsala ce: shekaru da dama katin da Kodak ke raba wa masu wankin hoto domin saita launi hoton Baturiya ne a jiki. In aka jefa tsirin haske mai kaifi a baƙar fuska ba tare da fitila ta biyu mai laushi ba, ɗayan biyu ne: ko wurin da hasken ya sauka ya ƙone fari fat, ko sauran fuskar ya nutse cikin duhu, a rasa ido a rasa tsagen gado. Hoton zai burge abokan sana'a, amma uwar amarya za ta juya shi ta tambaya ko wace ce wannan, kuma ita ce mai gaskiya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda ya zo shago ya zo ne a gane shi, a kuma gan shi cikin mutunci, kamar yadda aka zo wa Keïta.

Saboda haka aikin da ya fi inganci shi ne wanda ya fara haska fuska da babbar fitila mai laushi, sannan ya kai zanen bango, ko kafaɗa, ko gefen mayafi. Gobo ɗin da ake sayowa tare da na'urar kuwa, zanen tagogin Turai ne da ganyayen da ba su tsiro a kwarin Kwara. Maƙeri ko mai walda yana iya yanka dagi, ko aska takwas ta babbar riga, ko zayyanar soro a siririn faifan ƙarfe, muddin aka bar 'yan gadoji masu riƙe tsakiyar zanen, don kada ya faɗo in ƙarfen ya yi zafi.